Faifan da Ya Ƙi Buɗuwa a Gauraka

Ranar wata Talata cikin daminar 1996, mutanen Gauraka suka wayi gari da takardu manne a bangwaye. Guda tara aka ƙirga: ɗaya a jikin shagon mai faci, biyu a garejin makanikai, sauran a kan turakun wuta har zuwa inda motocin Abuja ke lodi. Maganar da ke ciki ba ta kai layi goma ba, amma ta fi harbin kunama zafi. Wai Hajiya Saudatu mai abinci da naman mushe take yi wa mutane miya, wai shanun da tirela ta take a kan titi ake kwaso mata a buhu. A ƙasa aka rubuta, "Daga mai kishin al'umma."

Shekara goma sha huɗu Hajiya Saudatu ta yi tana tuƙa tuwo a bakin titin nan, tun mijinta na da rai, kuma ba a taɓa jin wanda ya ci ya yi ko ciwon ciki ba. Amma ka san halin mutane. Kafin azahar, rumfar da direbobi ke rububin benci ta zama fayau. Har wanda ya ci tuwonta jiya ya suɗe hannu, yau ya tuna cewa dama ya ji wani ɗan wari-wari a naman.

Ba a sha wahalar neman wanda za a ɗora wa ba. Da na'ura aka buga takardun, kuma duk Gauraka mutum ɗaya ce mai kwamfuta, wato Rahila, mai shagon buga takardu da ke manne da rumfar Hajiya. Ga shi mako biyu da suka wuce an ji su suna cacar baki a kan ruwan wanke-wanke da ke malalowa ƙofar shagon. Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum. Mahmudu, ƙanin marigayi mijin Hajiya, wanda ke aiki a ofishin wani safiyo mai auna filaye a unguwar Hashimi, shi ya ja gaba aka afka shagon da bincike. Ba a yi minti biyar ba ya zaro hannu daga kwalin da Rahila ke tara faya-fayan masu kawo mata aiki, riƙe da wani baƙin faifan kwamfuta, irin ƙaramin nan mai kusurwa huɗu. A jikinsa an rubuta SAUDATU da manyan baƙaƙe.

Ba don Allah ya kawo Maiturare ba, da shagon nan bai kwana da rufi ba.

Shi Maiturare bai taɓa sayar da ko kwalbar turare ɗaya ba, sunan kakansa ne ya gada, in ma ka matsa kusa da shi ƙaurin hayaƙi za ka ji. Sana'arsa bin sawu. In an kore wa mutum shanu a Chaza, ko an haura gida a Hashimi, shi ake kira ya duƙa ya dubi ƙasa ya ce ga inda aka bi. Kuma Irmiya, mahaifin Rahila, abokin farautarsa ne na shekara ashirin, wanda da ciwon ajali ya kama shi ya damƙa masa amanar yarinyar nan a gaban fasto da dangi. Don haka ya ratsa taron ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya ce wanda duk ke son taɓa ta sai dai ya fara takawa ta kansa.

Aka ɗunguma zauren mai unguwa. Hajiya na kuka, Mahmudu na ta kumfar baki, Rahila kuwa ta sunkuyar da kai. Mai unguwa ya yanke magana: ya ba Maiturare zuwa Juma'a bayan la'asar. In bai kawo wani mai laifin ba, Rahila za ta kwashe kayanta ta bar Gauraka, a kuma miƙa ta ga 'yan sanda da faifan a matsayin shaida.

*

Washegari da sassafe Maiturare ya bi wuraren tara ɗaya bayan ɗaya. An yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi yadda yake so, amma 'yan kallo sun riga sun tattake ko'ina kamar an yi dambe. Abu biyu kawai ya samu. Na farko, a wurare uku akwai sawun tayar babur mai faci a gefe ɗaya. Na biyu, da ya ɓamɓaro takarda guda ya juya ta a hannu, sai ya ga an yanke mata gefen dama da ƙasa, ba haka aka sayo ta ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Da hantsi aka buɗe shagon a gaban wakilin mai unguwa da Mahmudu, aka ce Rahila ta saka faifan kowa ya gani. Ta tura shi cikin na'urar. Fayil ɗaya ne tak a ciki, da sunan Hajiya. Ta danna, sai allon ya cika da tarkace, 'yan akwatuna da ɗige-ɗige da wasu alamomi da ba boko ba ba ajami ba. Ta yi ta gangarawa ƙasa, can cikin shirmen sai ga kalmomi biyu sun fito ƙarara: naman mushe.

Mahmudu ya buga tebur ya ce to, me ya rage? Ta san asirinta zai tonu ne ta lalata sauran da gangan. Wakilin mai unguwa ya kaɗa kai ya fita ba sallama, Mahmudu ya bi bayansa.

Da suka rage su biyu, Maiturare ya ja kujera ya zauna ya zuba mata ido. Gaskiyar magana zuciyarsa ta ɗan karaya. Ɗan Adam ba ka shaidarsa, kuma ya sha bin sawu ya ƙare a ƙofar wanda ya fi kowa salati. In fa ita ce? Ya ji kunyar tunanin, amma bai kore shi ba.

"Rahila, ni da ubanki mun ci a ƙwarya ɗaya. Ke kika rubuta?"

"Baba, ban rubuta ba. Ban ma taɓa ganin faifan nan ba sai a hannun Mahmudu."

Ya tambaye ta, to me ya sa abin ya fito a hargitse? Ta share hawaye ta nuna masa sunan fayil ɗin. Ta ce kowane fayil yana da 'yan haruffa uku a wutsiyarsa bayan ɗigo, su ke nuna furogiram ɗin da aka yi shi da shi. Nata na buga wasiƙa ne, WordPerfect, kuma ta nuna masa ayyukanta reras, duk wutsiyarsu iri ɗaya ko biyu ce. Wannan kuwa DWG ne a wutsiyarsa, ba ta taɓa cin karo da irinsa ba. In ka buɗe fayil da furogiram ɗin da ba nasa ba, haka zai yi maka yaren aljanu.

Maiturare bai iya karatun boko ba sai ɗan haɗa baƙi, amma wannan maganar ta shige shi sarai.

"Kenan kofato ne. Wannan kofaton ba na garkenki ba ne."

"Haka ne, Baba. Amma wa zai yarda da ni?"

Ya ce ba wanda zai yarda, shi ma ba zai roƙi kowa ya yarda ba, zai je ya nemo garken. Ya karɓi faifan da izinin mai unguwa, ya naɗe shi a hankici ya cusa cikin hularsa.

*

Sawun babur ɗin bai ba shi wahala ba. Ya bi shi har bayan tasha, inda Gwadabe mahauci ke kafa teburinsa. Ga babur ɗin jingine, ga facin a tayar baya. Kuma kowa ya san tun bayan babbar Sallah Hajiya ta daina sayen nama a wurin Gwadabe, ta koma wani a Suleja, shi kuwa ya yi ta faɗa a majalisa cewa za ta gani.

Maiturare ya zauna ya nemi a yanka masa hanta, ya yi ta jan hira kamar ba komai, sa'annan ya jefa tambayar. Gwadabe ya ajiye wuƙa ya ɗaure fuska. Ya ce ƙwarai ya tsaya a wuraren nan uku, amma tsayawa ya yi a karanta masa, don shi ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Maganar za ta gani kuwa, ɓacin rai ne na baki, wanda kowa ke yi. Ya ɗaga buhun da ya rufe teburin da shi, ya nuna cinya biyu da haƙarƙari tun na jiya ba wanda ya taya. Ya ce tunda aka ambaci mushe a garin nan kowa ya koma cin wake, to wane mahauci ne zai cinna wa rumfarsa wuta don ya ƙona ta maƙwabci?

Maganar ta yi ma'ana, amma Maiturare ba a baki yake karɓar shaida ba. Ya koma gindin turken wuta ya tsuguna. Sitacin da aka manna takardar da shi ya ɗiɗɗiga a ƙasa, kuma tayar ta bi ta kansa ta murje shi bayan ya fara bushewa. Wato an daɗe da mannawa kafin babur ya iso. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa yana tsaki, yini guda ya tafi a banza.

*

Ranar Alhamis ya shiga motar Suleja da wani zargin a ransa. Yankan gefen takardar ne ke masa yawo a kai. Wa ke da injin yanka takarda? Cletus, mai maɗaba'ar da ke kusa da kasuwa, wanda ke buga katin biki da kalanda. Kuma an ce tun da Rahila ta buɗe shago, mutanen Gauraka da na kan hanya suka daina kai masa ƙananan ayyuka, abin na cin sa.

Cletus mutum ne mai tumbi da saurin fushi, Hausarsa a cakuɗe da Turancin kasuwa. Da ya fahimci inda tambayoyin suka nufa, sai ya tashi tsaye ya ce shi dattijo ne a cocinsu, ba za a zo shagonsa a ci masa mutunci ba. Maiturare ya bar shi ya gama huci, sa'annan ya shimfiɗa takardar a kan tebur ya ce ya duba yankan. Cletus ya sa tabarau ya duba, sai ya yi dariyar raini. Ya ɗauko tarin takardu ya danna a injinsa ya miƙo guda, bakinta sumul. Ya ce waccan da reza da rula aka yanke ta, ga inda hannun ya goce har sau biyu, shi ko ɗan koyo ba zai bari ya yi masa wannan ƙazamin aiki ba.

Ganin ya wanke kansa, sai ya sauko, har ya sa aka kawo lemo. Ya karɓi faifan ya saka a tasa kwamfutar, wadda ya ce ta fi ta Rahila nesa ba kusa ba. Ya gwada furogiram ɗin da yake tsara shafukan littafi da shi, ya ƙi. Ya gwada na zanen kati da tambari, ya ƙi. Ya gwada na jera lambobi, shi ma ya tofar. Ya yi gumi ya cire tabarau ya mayar, don abin ya zama na kare suna.

Maiturare dai na zaune yana kallonsa ta wutsiyar ido, bai gama sakin jiki da shi ba. Mai neman ɓatar da sawu ma haka yake nuna ƙwazo.

Can Cletus ya sake ɗaukar takardar ya kai ta bakin taga. Ya ce shi fa tun ɗazu haruffan nan ke damunsa. Ba irin na wasiƙa ba ne masu kauri da ƙafa, waɗannan sirara ne kamar tsinken tsintsiya, duk tsayinsu ɗaya. Ya taɓa ganin irinsu, amma ba a wasiƙa ba, a manyan takardun zanen gini da na filaye da ake kawo masa ya ninke ya yi musu bango.

"Baba, ka je Chaza ka nemi Injiniya Jerome. In bai buɗe ba, ka dawo ka kama ni."

A mota Maiturare ya yi ta jujjuya maganar. Masu zanen filaye ba su da wuyar samu a Suleja a shekarun nan, tunda Abuja ta sa kowane ɗan kango ya zama dukiya, ofisoshin safiyo sun fi biyar. Akwai sunan da ya faɗo masa a rai, amma ya danne shi. Ya riga ya zargi mutum biyu a banza, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

*

Injiniya Jerome tsoho ne mai furfura, ya yi ritaya daga aikin gine-gine a Abuja, ya mai da falonsa wurin zane. Yana ganin haruffa ukun nan ya kwashe da dariya, ya ce ai wannan ba wasiƙa ba ce, zane ne, AutoCAD ake buɗe shi da shi, furogiram ɗin masu zana gini da taswira. Wane mai hankali ne zai rubuta wasiƙa a ciki? Kamar mutum ne ya ɗauki garma zai yanka albasa.

Maiturare ya ce wanda garmar kaɗai ya iya riƙewa.

Jerome ya daina dariya. Ya danna wasu maɓallai, na'urar ta yi ɗan gurnani, sai ga rubutun ya fito tsaf, layi bayan layi, har da mai kishin al'umma a ƙasa. Amma ba shi kaɗai ba ne. An kewaye shi da dogon layi ta kowane gefe, kuma a kusurwar dama ta ƙasa akwai wani ɗan akwati mai gida-gida cike da ƙananan rubutu. Maiturare ya zaro takardar aljihunsa ya kara a jikin allon. Daidai inda reza ta bi, nan akwatin ya fara.

Jerome ya yi masa bayani. Ya ce a aikinsu ba a fitar da zane sai da wannan akwatin, a ciki ake sa sunan ofis da na wanda ya zana da kwanan wata. Kuma ba mai zanen da ke ɓata lokaci yana sake ƙirƙirar akwatin kullum. Abin da kowa ke yi shi ne ya buɗe aikinsa na baya, ya kawar da abin da ke tsakiya, ya yi sabo a ciki. Malalata ma ba sa gogewa, kashe shi kawai suke yi ya ɓuya, yana nan kwance a ƙarƙashi.

"To a tashe shi mu gani," in ji Maiturare.

Jerome ya danna. Wani zane ya taso a ƙarƙashin rubutun. Su biyun suka zuba wa allon ido. Sa'annan Jerome ya karanta masa abin da ke cikin akwatin, Maiturare ya sa ya maimaita. Bai ji daɗin da yake ji in ya cimma ɓarawon shanu ba, tausayin Hajiya Saudatu ne ya kama shi.

*

Ranar Juma'a bayan la'asar zauren mai unguwa ya cika har waje. Maiturare ya sa an kira Gwadabe da Cletus, ga Hajiya a gefe ta rame cikin kwana uku, ga Mahmudu kusa da ita cikin farar shadda, ga Rahila ita kaɗai a kan tabarma ba wanda ya zauna kusa da ita. Jerome na bakin ƙofa da takardu biyu manya a nannaɗe.

Maiturare ya fara da Gwadabe, ya faɗi yadda ya zarge shi da yadda ƙasa ta wanke shi, ya nemi afuwarsa. Ya yi wa Cletus haka nan. Sa'annan ya juya ga Mahmudu cikin sanyin murya, ya ce tunda shi ne mai ilmin kwamfuta a cikin dangin Hajiya, ya taimaka wa tsoho da bayani: in aka ɗauki faifai daga wannan na'ura aka kai waccan, zai buɗe?

Mahmudu ya gyara hula ya ce mana, ai kwamfuta kwamfuta ce, abin da ka sa a faifai ko'ina ka kai shi zai fito, in ba an lalata shi da gangan ba.

Cletus ya yi tsaki da ƙarfi. Maiturare ya tambayi Mahmudu a na'ura nawa ya taɓa aiki. Ya ce ɗaya ce, ta ofishinsu, shekara uku yana kanta, ya san ta ciki da waje.

"Na yarda ka san ta. Ita kaɗai ka sani."

Ya yafito Jerome, aka shimfiɗa takarda ta farko a gaban mai unguwa. Rubutun ƙazafin ne, da layinsa da akwatinsa cikakke. Maiturare ya ɗora wadda ya ɓamɓaro daga bango a kai, ta zauna daram, sai gefen dama da ƙasa suka rage a waje. Jerome ya bayyana wa jama'a irin fayil ɗin, da dalilin da na'urar Rahila da ta Cletus ba za su iya yin sa ko buɗe shi ba. Mai unguwa ya sa wakilinsa ya karanta akwatin. Sunan ofishin safiyon Hashimi ne, a gidan wanda ya zana kuwa an rubuta Mahmudu da sunan mahaifinsa.

Wurin ya ɗauki guna-guni. Mahmudu ya miƙe yana rantse-rantse, ya ce sharri ne, kowa na iya buga sunan kowa, an haɗa baki da baƙi ne don a ceci yarinyar. Har wasu suka fara gyaɗa kai.

Maiturare bai yi musu da shi ba. Ya warware takarda ta biyu, ya ce da Hajiya ta matso ta duba ko ta san wurin nan. Ta matso tana goge ido. Jerome ya nuna mata da yatsa: ga babban titi, ga kwalbati, ga bishiyar mangwaron da mijinta ya dasa a kusurwa. Filinta ne, taku bayan taku. Sai dai babu rumfa a ciki. Inda murhunta yake an zana famfunan mai guda huɗu, inda bencin direbobi yake an zana ofis. Kwanan watan da ke jiki ya girmi takardun bango da wata biyu. Jerome ya ce a kan wannan zanen aka rubuta ƙazafin, wanda ya rubuta ya ɓoye shi ne kawai bai goge ba.

Hajiya ta daɗe tana kallon takardar. Sa'annan ta faɗa wa mai unguwa, ba tare da ta ɗaga murya ba, cewa sau uku Mahmudu na kawo mata wasu mutane masu son gina gidan mai, tana cewa filin marayu ne, kuma da tuwon nan take ciyar da su, ba za ta sayar ba muddin rumfar na ci.

Ta juya ta dube shi.

"Mahmudu, a rumfar nan ka ci ka girma. Wane nama na ba ka?"

Ya zame ya zauna, ya rufe fuska da hannun riga. Da mai unguwa ya matsa masa, ya amsa cewa shi ya manna takardun, shi ya shiga shagon da faifan a aljihu ya yi kamar a kwali ya tsinto. Ya ɗauka duk wanda ya saka shi a na'urar Rahila rubutun zai fito, magana ta ƙare a kanta.

Aka tafi da shi ofishin 'yan sanda ta ƙofar baya, don waɗanda suka so fasa shagon Rahila ranar Talata su ne yanzu ke neman duwatsu.

*

Mai unguwa ya ba da umarni a buga takardar wanke Hajiya, a manna ta a wuraren nan tara. Sai aka dubi juna, don duk Gauraka mutum ɗaya ce za ta iya bugawa. Ba wanda ya iya buɗe baki ya tambaye ta, har sai da Hajiya ta taso da kanta ta durƙusa a gaban tabarmar, ta riƙe hannun Rahila tana kuka tana cewa 'yata ki yafe mini. Rahila ta ce ba komai, Mama, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta karɓi makullinta daga hannun wakili.

Maiturare ya raka ta shagon ya zauna a kujerar nan yana kallo tana bugawa. Waɗanda suka taru a waje ba su shigo ba, kowa ya tsaya yana sosa ƙeya. Da firinta ta fitar da ta farko, ya ce ta karanta masa. Ta karanta: an tabbatar a gaban mai unguwa cewa abin da aka faɗa a kan abincin Hajiya Saudatu ƙarya ne, naman halal take dafawa, wanda ya ƙaga ya amsa laifinsa.

Ya jira ta ci gaba, ta ajiye takardar.

"Ke fa? Ban ji sunanki ba."

"Ni ba a manna sunana a bango ba, Baba. Da baki suka faɗa. Mutanen da na buga wa takardun neman aiki, na cika wa 'ya'yansu fam, ba wanda ya tambaye ni ko ni ce. Kai kaɗai ka tambaya."

Maiturare ya sunkuyar da kai, don ya san shi ma da ya tambaya ba da cikakkiyar yarda ya tambaya ba, kuma kunyar hakan ta fi masa komai ciwo. Ya ce ta ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa Rahila 'yar Irmiya ba ta da hannu, kuma shi Maiturare ya zarge ta a ransa yana neman gafararta, wanda duk ya san ya yi haka ya zo ya sa hannu a ƙarƙashin nasa.

Ta dube shi, idonta ya ciko, ta juya ta buga. Da takardar ta fito ya dangwala babban yatsansa a tawada ya danna a ƙasa, ya ɗauke ta ya fita wurin waɗanda ke tsaye, ya miƙa wa na farko da tawadar.